Shafin Kilishin Kawu: Abin da Muka Cire da Abin da Ya Ƙi Ciruwa

Kawuna mahauci ne a Ngaundere, a ƙasar Kamaru. Fawa gado ce a gidansu, amma shi ya daɗe da barin naman tebur ya koma kilishi zalla, a wata rumfa da ba ta da nisa da tashar jirgin ƙasa. Tun da layin dogo ya iso garin a 1974, Ngaundere ta zama ƙarshen jirgi. Duk wanda ya taso daga Garwa ko Marwa ko Njamena zai gangara kudu, nan yake sauka daga mota ya jira jirgin yamma mai kwana a hanya zuwa Yawunde. Mai jiran jirgi kuwa mai neman tsaraba ne. Da wannan jiran Kawu ya gina gida, ya aurar da 'ya'ya, ya sauke farali.

Matafiyan da suka ɗanɗana sukan karɓi lambarsa, to daga nan wahala ta fara. Waya ba ta hutawa. Wannan yana Duwala yana so a sa masa a mota, waccan tana Birketeri a Yawunde tana so kafin suna, wani ya turo kuɗi bai faɗi sunansa ba. Ɗan Kawu na biyu shi ke rubuta komai a wani littafin makaranta da mai ya ɓata wa bango, kuma duk da ƙoƙarinsa ana samun saƙon da ya je inda ba a aike shi ba. Da yake ni na yi karatun kwamfuta a jami'ar da ke Dang, kusa da Ngaundere, kuma gina shafukan intanet ne sana'ata, wata rana bayan la'asar Kawu ya ce da ni: "Kai ɗana, yi mana abin nan da mutum zai gani ya saya, ba sai ya kira ni ina tsakar sallah ba."

Sau uku na gina shafin kafin ya zauna, sau biyu kuma muka canza mazubin kilishin. Labarin waɗannan zubin nake so in ajiye a rubuce, domin abokan sana'ata da yawa a arewacin Kamaru suna kan hanyar da na bi.

Zubin farko

Na so in fitar da Kawu kunya, sai na zuba duk abin da na iya. Na sayi shiryayyen samfurin shafi irin na manyan kantuna. Da ka buɗe, bidiyon nama a shanye a rana zai fara da kansa. Ƙarƙashinsa hotuna shida suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, sai tarihin gidan, sai taswira, sai harsuna huɗu: Faransanci, Hausa, Fulatanci da Ingilishi. Kaya iri 19 na jera, domin na raba ja da fari da mai yaji sosai, kowanne a awo daban-daban na giram, na haɗa da dambun nama da yaji da zumar Adamawa da Kawu ke ajiyewa a gefe. Kafin ka saya sai ka yi rajista da imel da kalmar sirri, ka sa kaya a kwando, ka cike adireshi. A kan kwamfutata, a ofis mai intanet mai ƙarfi, abin gwanin sha'awa.

Mako uku da buɗewa, cinikin da ya shigo ta shafin bai cika yatsun hannu ɗaya ba, waya kuma tana nan tana kuka kamar da.

Abin da ya buɗe mini ido wani direban tirela ne mai zuwa Njamena, tsohon abokin cinikin Kawu. Yana zaune a benci yana jiran a naɗe masa nasa, sai na roƙe shi ya buɗe shafin a wayarsa in gani. Ƙaramar waya ce, gilashinta ya tsage daga kusurwa, rezo sanda biyu. Ya danna, fuskar wayar ta yi fari fat, wani ɗan zobe yana ta juyawa. Muka yi shiru muna kallo har yaron rumfa ya gama naɗin ya kawo. Da hoton farko ya fito rabi, sai saƙo ya shigo cewa datarsa ta kusa ƙarewa. Ya ce, "Malam, wannan 'yar megar ta kiran iyali ce na saya da safe." Duk da haka ya daure don girman Kawu har ya kai inda aka ce ya sa imel. Nan ya miƙo mini wayar ya ce ba shi da shi, bai kuma taɓa buƙatarsa ba. Ya zaro kuɗi daga aljihun gaba ya biya, ya tafi.

Na koma na auna shafin, nauyinsa ya haura mega 8. Wato kowane mai leƙawa sai ya biya kuɗin shiga daga aljihunsa tun bai ga farashi ba, kuma ni na ɗora masa wannan harajin. Manyan kamfanoni sun daɗe da gane irin wayoyinmu: Facebook ya fitar da Facebook Lite a 2015, manhajar da a lokacin ba ta kai mega ɗaya ba, saboda masu ƙananan wayoyi da raunin rezo. Ni da nake zaune a cikinsu ban yi wannan lissafin ba.

Littafin mai maiƙo

A wannan ɓacin ran na koma karatu kan salon ƙira da ake kira na taƙaitawa, wato a rage komai sai abin da ba makawa sai da shi. Sunan da ya fi yawo a wannan fage shi ne Dieter Rams, Bajamushen da ya shugabanci sashen ƙira na kamfanin Braun daga 1961 zuwa 1995, mai taken "kaɗan, amma mafi inganci". Rediyoyinsa da na'urorin lissafinsa ba su da ado, maɓalli kaɗan ne, kowanne ka kalla ka san aikinsa. Akwai kuma binciken William Hick na 1952, wanda ya sa mutane gaban fitilu da maɓallai ya nuna cewa yawan zaɓi yana ƙara lokacin da mutum ke ɗauka kafin ya yanke shawara. Sai gwajin da Sheena Iyengar da Mark Lepper suka wallafa a 2000: a wani kanti a Kalifoniya aka jera ɗanɗanon jam, abin shafa wa burodi, iri 24, wani lokacin kuma iri 6. Teburin 24 ya fi tara jama'a, amma kusan 3 cikin 100 ne suka saya, a teburin 6 kuwa kusan 30 cikin 100. Masu binciken da suka biyo baya sun ga ba kullum haka ke faruwa ba, to amma ni ina da kaya 19 da ba wanda ke saye, sai maganar ta shige ni.

Abin da ya fi waɗannan duka amfani a wurina littafin ɗan Kawu ne. Na are shi kwana biyu, na bi cinikin wata uku layi-layi. Kusan duka iri biyu ne, ja ko fari. Sannan ba mutum ɗaya da ya ambaci giram. Kowa cewa yake a ba ni na dubu biyu, na dubu biyar, na dubu goma. Da kuɗi mutanenmu ke awo, tun daga mai ƙosai har mai kilishi, ni kuma na zauna na jera musu giram 250 da giram 500 kamar masu sayen magani. Wannan kuskure ba na yawan kaya ba ne. Ban saurari yadda ake ciniki a rumfar da na tashi a cikinta ba.

Zubi na biyu: garin gyaran gira

Da zafin sabon karatu na shiga yanka. Na cire bidiyo, na cire taswira, na cire tarihi, na cire rajista, duk wannan daidai ne. Amma ban tsaya nan ba. Na kalli shafukan kamfanonin Turai masu tsada, masu farin fili da siririn rubutu, irin yayin da ya bazu bayan Apple ya fitar da iOS 7, tsarin wayarsa ta iPhone, a 2013, na ce haka namu zai zama. Fari tas, hoto guda na yankin kilishi a kan baƙin faranti, rubutu siriri mai launin toka. Maɓallan na cire musu kalmomi na bar alamomi kawai: ɗan kwando, ɗan kan waya, 'yar mota. Bayanin aikawa na ɓoye shi bayan layukan nan uku na kusurwa da ake dannawa a buɗe sauran bayanai. Hoton Kawu na cire, lambarsa ma na cire daga gaba, tunda ai kiran ne muke gudu.

Mazubin ma na taɓa shi. Kawu da takarda mai ruwan ƙasa yake naɗe kilishi tun fil'azal. Na shawo kansa muka buga fararen kwalaye masu ɗan tambari a tsakiya, ba komai a jiki sai sunan rumfar. Kuɗi ne masu yawa a wurin mai rumfa, ya bayar don ya yarda da ni, kuma har yau wannan yana damuna.

Shafin ya koma buɗewa nan take, wannan kam an samu. Sauran duk ya lalace.

Tokar rubutun nan a ofis tana da kyau, amma a ranar Ngaundere da tsakar rana ba a ganinta sam. Ƙa'idar duniya ta sauƙaƙa shafuka ga masu raunin gani, wadda ake kira WCAG, ta ce bambancin hasken ƙaramin rubutu da bayansa ya kai aƙalla 4.5 bisa 1. Nawa da na auna bai kai 3 ba. Mafi yawan masu kuɗin sayen kilishin dubu goma kuwa dattawa ne da idonsu ya fara gajiya. Alamomin ma ba su yi magana ba. Wani ya ɗauka 'yar motar ta sayen tikiti ce. Layuka uku ba wanda ya taɓa su, don ba wanda ya san ƙofa ce.

Wanda ya fi ciwo ya zo ta tsohuwar lambar Kawu. Wata Hajiya da ta shekara goma tana saye daga Yawunde ta kira, bayan gaisuwa ta yi jim ta ce, "Alhaji, lafiya dai ko? An turo mini wani abu an ce naku ne, na duba ban gan ku ba, ban ga lambarku ba. Na ce ko kun sayar da rumfar ne." Ta ce ita ba za ta tura kuɗinta ga farin allo ba, yadda 'yan damfara suka yi yawa a waya. Gaskiyarta. A Turai mai saye yana jingina da sunan kamfani da banki da dokar mayar da kaya. A nan jinginarsa mutum ne, da fuskarsa da muryarsa da unguwarsu. Na ɗauki fuskar Kawu a matsayin ado na share, alhali ita ce jarin shafin gaba ɗaya.

Kwalayen kuma kafin kwana ɗaya mai ya huda su, farin ya yi dabbare-dabbare kamar an ajiye shi shekara. Kilishi labu ake tsoma shi, tunkuzar gyaɗa da citta da kanumfari da masoro da barkono, dole ya yi naso. Takarda mai ruwan ƙasa tana shanye man ba ta nuna ƙazanta, abin da masu sana'ar suka gano tun kafin a haife ni. A tasha kuma kowa sai ya ɓalle kwalin ya leƙa kafin ya biya, wasu su karya gefe su ɗanɗana. Gani ya kori ji. Mai sayen kilishi yana duba kaurinsa da launinsa da ko ya gasu, ni kuwa na rufe masa ido da sunan tsabtar ƙira.

Kawu bai yi mini faɗa ba. Da safe na same shi a bayan rumfa da cinyar gudali a gabansa, yana buɗe tsokar fale-fale da 'yar wuƙarsa da wasa ya cinye rabinta. Yana jan naman da hagu, wuƙar tana bi a hankali, har ya zama kamar mayafi, kana hango hasken rana ta cikinsa. Duk inda ya ci karo da kitse ko jijiya sai ya ɗauke da bakin wuƙa ya jefa a kwano, don kitse shi ke sa kilishi ya yi ɗoyi in ya kwana biyu. Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri da asarar kwalayen nan." Bai ɗago ba ya ce, "Ba komai, ɗana. Na farkon ka bar kitse da yawa. Na biyun kuma wuƙarka ta shiga tsoka. Sake zama."

Da na koma kan ƙa'idoji goma na kyakkyawar ƙira da Rams ya rubuta, sai na ga ta ƙarshe kaɗai na riƙe, wadda ke cewa a rage ƙira iya yiwuwa. A cikinsu akwai cewa kyakkyawar ƙira tana sa a fahimci abu, akwai kuma cewa tana da gaskiya. Farin allona bai cika ko ɗaya ba. Kamannin salon na kwaikwaya, irin yadda yake fitowa a hoto.

Zubi na uku

Wannan karon ban fara da kwamfuta ba. Na zauna da ɗan Kawu muka saurari saƙonnin murya na abokan ciniki, da izinin Kawu, muna rubuta tambayoyin da ke maimaituwa. Biyar suka fito: na wane ne, nawa ne, yaushe aka yi shi, yaya zai iso ni, wa zan kira in an samu matsala. Na kafa wa kaina sharaɗi cewa duk abin da zai hau shafin sai ya amsa ɗaya daga cikinsu, kuma duk cikinsu ba wadda za a ɓoye amsarta bayan wani maɓalli.

Misalin da na riƙe a raina ba na Turai ba ne, yana cikin aljihun kowa: jerin nan na tura kuɗi ta waya, *126# na MTN da #150# na Orange. Ba hoto, ba launi, saƙon irin wannan tsarin ba ya wuce haruffa 182, amma Kawu da bai yi boko ba yana sarrafa shi ido rufe, domin kowane mataki tambaya ɗaya yake yi, kuma lambobin ba sa canza wuri.

Shafin yanzu fuska ɗaya ce. A sama hoton Kawu a rumfarsa da hularsa, sunansa, da kwatancen wurin yadda mai babur zai gane. Sai hoto biyu, ja da fari, a kan takardarsu, na ɗauka da hasken rana ba tare da gyara launi ba. Sai farashi uku da manyan lambobi baƙaƙe: sefa 2,000, 5,000, 10,000. Sai ranakun da ake sa kaya a mota da garuruwan da ake kaiwa. Sai koren maɓalli guda mai kalmomi a jiki, da Hausa da Faransanci a jere, ba sai an zaɓi harshe ba. Na yi shi da faɗi don babban yatsa. Apple na ba da shawarar kada wurin dannawa ya gaza ma'auni 44, Google kuma 48, ni na wuce haka saboda hannun direba da na mahauci. In ka danna, WhatsApp ne zai buɗe da saƙo a shirye, ka ƙara murya in ka fi son haka. Lambar Kawu tana ƙasa ɓaro-ɓaro. Nauyin duka bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na zubin farko ba.

Jakob Nielsen, masanin sauƙin amfani da shafukan intanet, ya rubuta a 2000 cewa gwaji da mutum biyar yakan tono mafi yawan matsalolin shafi. Na ɗauki biyar a bakin rumfa: direban nan da ya dawo, wata malamar asibiti, ɗalibi, wani dattijo Bafulatani mai sayar da shanu, da matar Kawu. Ban yi wa kowa bayani ba, na ce dai su sayi na dubu biyar. Huɗu suka kai ƙarshe ba tambaya. Dattijon ya tsaya a kan farashi yana dannawa, yana jiran wani abu ya faru, sai na gane lambobin sun yi kama da maɓalli. Maimakon in canza kamanninsu sai na mai da su maɓallan gaske, wanda ka danna shi zai shiga cikin saƙon.

Wuri biyu muka yi jayayya da Kawu, duka biyun shi ya yi rinjaye. Saƙon da na shirya cewa yake kawai "Ja, na 5,000, Duwala." Da aka karanta masa ya ce sam, ba za a shigo masa waya ba sallama kamar an zo karɓar bashi, kuma ba zai sa abokin cinikinsa ya yi wannan rashin ladabin da bakin na'ura ba. Muka sa sallama da "ina wuni Alhaji" a gaba. A ma'aunin littattafan ƙira kalmomi ne na ƙari. A ma'aunin rumfa su ne ke buɗe ciniki, kuma na lura mutane sun fi sakin jiki su aika saƙon da ya yi kama da maganarsu. Na biyu zuma da dambu da yaji. Na so a cire su ɗungurungum, ya ce a bar musu ko layi ɗaya. Muka sa a can ƙasa: akwai kuma zuma, dambun nama da yaji, a tambaya. Zumar tana tafiya fiye da yadda na zata, musamman wajen mutanen Duwala.

Mazubi ya koma takardarsa ta asali, sai dai an sa ta cikin leda mai haske da ake liƙewa, aka bar gefe ɗaya na takardar a buɗe yadda za a ga naman. Tambari ɗaya ne a jiki, ja ga ja, fari ga fari, ana ganewa daga nesa ko ba a iya karatu ba. Abu uku ke kansa: lambar waya, ranar da aka gasa wadda yaron rumfa ke rubutawa da biro, da gargaɗin cewa akwai gyaɗa a ciki, saboda akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓarta. Wannan na ƙarshen ba abokin ciniki ko ɗaya da ya tambaya, malamar asibitin nan ce ta ce a sa, kuma shi kaɗai ne abin da na yarda ya karya sharaɗina ba tare da jayayya ba. Fararen kwalayen da suka rage matar Kawu ta zuba kayan ɗinki a wasu, sauran suna nan a ɗaki.

Damina ta kawo gyara ɗaya da ban hango ba. Ruwan Ngaundere yana daɗewa, nama ba ya bushewa a kan lokaci, wani lokacin kwana biyu babu kaya. Mutane suna turo kuɗi, ana ba su haƙuri, rai yana ɓaci. Na ƙara layi guda a ƙarƙashin hoton Kawu wanda ɗansa ke canzawa daga wayarsa: yau akwai, ko kuma babu sai Alhamis.

Ba komai ya warware ba. Biyan kuɗi har yanzu da hannu ake tantance shi, ɗan Kawu yana gwada saƙon kuɗi da sunan mai saye, littafinsa kuma bai yi ritaya ba. Kira bai daina shigowa ba, sai dai ya gajarta, don mai kira ya riga ya san farashi da ranar mota, gaisawa yake so ya yi ya nemi gyara. Saƙon da ke ɓata hanya ya ragu ƙwarai tunda gari yana cikin rubutun tun farko. Hajiyar Yawunde ta dawo, ita ce ma ke tura shafin ga ƙawayenta.

Yanzu maganar da ke gabanmu ta masu sari ce. Wasu masu shaguna a Kusiri da Njamena sun fara neman na dubu hamsin zuwa sama, ɗan Kawu yana so a ƙara musu farashi na huɗu da nasu maɓallin. Na ce ya ja layi a bayan littafin ya riƙa rubuta su daban har bayan babbar sallah, mu ga ko su nawa ne, da kuma abin da suke tambaya wanda sauran ba sa tambaya.